Ciwon Tabki da Maganinsa

Darasi domin ɗaliban yaƙi da jahilci na Sabon Maci da kewaye

A ƙasar Sabon Maci babu babban tabki. Amma garuruwa da yawa suna da tabkinsu na damina, ko kududdufin da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini. Nan dabbobi ke sha. Nan ake buga tubali. Nan mata ke wanki, yara ke wanka. Sau da yawa tsofaffi kan ce tabkin garinsu a da yana kai tsakiyar rani. Yanzu kuwa ana gama girbi sai ya ƙafe.

Tabki yana lafiya, yana ciwo, yana kuma iya mutuwa. Darasin nan zai fara da babban tabkin jahar Maraɗi, wato na Madarunfa. Abin da ke samun babban tabki shi ke samun ƙarami. Maganinsu ma iri ɗaya ne.

1. Tabkin Madarunfa

Madarunfa tana kudu da birnin Maraɗi, tazarar kilomita 20 da ƴan kai. Tabkinta ya fi kowane tabki girma a jahar. Filinsa da aka rubuta ya kai hekta 524. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi. Da damina mai albarka ruwan yakan zarce haka. Da rani kuma sai ya ja baya.

Ruwan tabkin yana zuwa daga Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi, da ruwan sama mai gangarowa daga gonakin tudu. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina ya taso. Ya ratsa Jibiya, ya shigo Nijar, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya.

Masunta suna kama tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa da gaiwa. Mata suna soya kifi, suna yin banda, suna kaiwa kasuwa. Masu lambu suna ban ruwa a gefensa da rani. Makiyaya suna shayar da dabbobi. Tsuntsaye suna sauka, wasunsu daga Turai suke zuwa lokacin sanyi. Kewaye da tabkin akwai kaburburan waliyyai 99, waɗanda jama'a ke ziyarta.

A shekarar 1971, a garin Ramsar na ƙasar Iran, ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare tabkuna da fadamu. Nijar ta shiga a 1987. Ran 18 ga Disamba 2019 aka sa tabkin Madarunfa, tare da na Gidimuni a jahar Damagaram, cikin jerin wuraren da ake karewa. Wannan abin alfahari ne. Amma takarda ba ta tare rairayi. Sai mutane sun sa hannu.

2. Ciwo biyar masu kashe tabki

Na farko: rairayi

Tabki kamar ƙwarya ne da aka aje a gindin tudu. Duk abin da ruwa ya kwaso daga sama, ciki yake zubawa. In gona tana da itatuwa da ciyawa da kara kwance, ruwan sama yakan tsaya, ya nutse cikin ƙasa. In gona ta zama fili fetal, sai ruwa ya ruga da gudu, ya kwashe ƙasar sama, ya yanka kwazazzabo. Ƙasar nan cikin tabki take kwantawa. Kowace shekara tabkin yana rage zurfi. Ruwa marar zurfi yana saurin zafi, yana saurin ƙafewa. Wannan ciwon yana damun Madarunfa, yana damun tabkunan ƙauye.

Na biyu: ƙazanta

Inda ake kashi a fili, ruwan farko yakan kwashe shi zuwa tabki. Haka juji da mushe da ruwan kwata. Daga nan ake samun zawo da kwalara. A shekarar 2018 kwalara ta kama mutum fiye da 3,000 a Nijar, mafi yawansu a gundumar Madarunfa. Hanyar cutar nan sananniya ce: ruwa ko abinci da kashin mai cutar ya taɓa.

Tsargiya, wato fitsarin jini, ita ma a tabki take yaɗuwa. Mai cutar ya yi fitsari cikin ruwa. Ƙwan cutar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin ƙananan katantanwa. Daga nan tsutsotsin da ido ba ya gani su fito, su huda fatar mai wanka ko mai wanki. Ƙwayar da ake rabawa a lakkol tana warkar da yaro. Amma in ya koma wanka cikin ruwan da ake fitsari a ciki, sai ya sake kamuwa.

Leda kuma ba ta ruɓewa kamar ganye. Tana toshe hanyar ruwa. Akuya ko saniya ta haɗiye ta, ta rame, ta mutu. Tun ran 5 ga Nuwamba 2014 doka ta hana shigo da leda marar kauri da sayar da ita a Nijar. Har yanzu tana cike da kasuwanni.

Na uku: guba

Maganin ƙwari da maganin kashe ciyawa guba ne. Mai feshi ya gama aiki, ya wanke famfonsa a bakin tabki, ya jefar da kwalba nan. Abin da ya kashe ƙwaro a gonar wake yana iya kashe kifi da kwaɗi. Baƙin man injin ban ruwa, da tsohon batir, da ruwan marina da na majema, duka suna ɓata ruwa. Akwai kuma masu zuba guba da gangan domin kifi ya taso. Wannan yana kashe babba da ƙarami, ya kuma cuci mai ci.

Na huɗu: taki fiye da kima

Taki abincin shuka ne a gona. Cikin ruwa ma abincin shuka ne. In takin zamani da kashin dabbobi da ruwan sabulu suka yi yawa a tabki, sai gansakuka ta yi yawa, ruwa ya koma kore. Kifi yana numfashi da iskar da ke narke cikin ruwa. In gansakuka ta mutu tana ruɓewa, ruɓar nan tana cinye iskar. Shi ya sa wani lokaci akan wayi gari a ga kifi yana haki a saman ruwa, ko ya mutu da yawa, ba wanda ya zuba guba.

Kainuwa da kacalla su ma suna son ruwa mai taki, marar zurfi. Kacalla ta mamaye wani sashe na tabkin Gidimuni. A fadamar Haɗeja da Nguru, a Najeriya, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama gidan tsuntsayen jan baki masu cin hatsi.

Na biyar: su marar tsari

Taru mai ƙananan ido yana kwashe ƴaƴan kifi. Wasu ma da sange, wato gidan sauro, suke su. Uwar karfasa a cikin bakinta take riƙe ƙwai har ya ƙyanƙyashe. Wanda ya kama ta a lokacin nan ya kashe ɗaruruwan kifi a hannu ɗaya. Manomi ba ya dake irinsa ya yi fura. Ƴaƴan kifi su ne irin masunci.

3. In ruwa ya ragu, ciwo ya ƙaru

Gishiri cokali ɗaya cikin tulu ba a jin sa. Cikin moɗa kuwa sai ya hana sha. Haka ƙazanta take a tabki. Gwargwadon raguwar ruwa, gwargwadon ƙarfinta.

Fari yana rage ruwa. A shekarar 1963 tabkin Cadi ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma. Ruwa ya gudu daga Ngigmi, garin da a da yake bakin tabkin. Daga baya ruwan ya riƙa komowa a shekarun da damina ta yi kyau.

Madatsar ruwa ma tana canza tafiyar gulbi. Wajen shekarar 1990 aka gama madatsar Jibiya a kan Gulbin Maraɗi, cikin jahar Katsina. Tun daga nan ambaliyar da ke cika fadamar Maraɗi ta ragu. Gulbi bai san iyaka ba. Domin haka ran 18 ga Yuli 1990, a Maiduguri, Nijar da Najeriya suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ruwan gulaben da suka haɗa su, har da na Maraɗi. Wannan aikin gwamnatoci ne. Amma ciwo biyar ɗin nan na sama, mafi yawansu a hannun gari suke.

4. An taɓa gwadawa, an kuma dace

Tabkin Leman. Tsakanin Faransa da Suwis akwai tabki mai suna Leman. Ya fi na Madarunfa girma sau 100. Ruwan kwatar birane da sabulun wanki sun cika shi da wani sinadarin taki mai suna fosfat. A 1979 abin ya kai maƙura. Ƙasashen biyu suka gina wuraren tace ruwan kwata. A 1986 Suwis ta hana sa fosfat cikin sabulun wanki. Sinadarin ya ragu da fiye da kashi uku cikin huɗu. Amma sai da aka yi shekara fiye da 30 ana aikin. Ba su fara da wanke tabki ba. Sun fara da tare ƙazanta tun daga inda take fitowa.

Kurkunu. A 1991 an ƙirga masu kurkunu fiye da 30,000 a Nijar. Cutar daga shan ruwan tabki take. Aka koya wa jama'a tace ruwa da ƙyalle. Aka hana mai kurkunu shiga tabki. Aka gina rijiyoyi. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Mutanen ƙauye ne suka yi mafi yawan aikin nan.

Argungu. A Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi na Argungu, al'ada ta hana su har ranar da aka buɗe ruwa. Sarkin ruwa ne ke tsaron wurin. Shi ya sa ake kama manyan giwan ruwa a can. Kifi hutu yake so.

Sassaben zamani. A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarun nan ne manoman jahar, tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Toni Rinaudo, suka fara barin tsiron kututture a gona, suna gyara shi ya zama icce. Masu bincike sun ƙiyasta cewa dabarar ta bazu a hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo da kalgo da sabara da ke tsaye a gona su ne masu gadin tabki na farko.

5. Aikin gari, lokaci bayan lokaci

Da rani:
A yi gayya a yashe tabki in ya ƙafe. Lakar da aka kwashe a kai gona, taki ce.
Masu tubali su ɗebi ƙasa daga tsakiyar tabki, kada su karya bakinsa.
Kowane gida ya gina salga. Ta yi nisan mita 30 ko fiye daga rijiya da tabki.
A shata mashayar dabbobi daban, wurin wanki daban. Mai wanki ta ɗebi ruwa ta koma gefe, ta zubar da ruwan sabulu a rami.

Da bazara:
Wajen sassabe, a bar tsiro biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture.
A bar wani kara kwance a gona. Kada a ƙone.
A toshe kwazazzabo tun yana ƙarami, da rassa da buhunan ƙasa, a faro daga sama.
A kwashe juji da leda daga hanyar ruwa kafin ruwan farko.

Da damina:
A dasa gamba layi-layi a gicciye, ta tare gangaren ruwa.
A bar zoben ciyawa da itatuwa kewaye da tabki, ba a noma shi. Shi ne rariyar tabki.
A sa takin zamani kaɗan a gindin shuka, a rufe da ƙasa. Wanda aka watsa sama ruwa ne ke tafiya da shi.
Mai feshi ya wanke famfo a gona, nesa da ruwa. Ya ɗauraye kwalba sau uku, ya juye ruwan cikin famfo, ya huda kwalbar. Kada a zuba ruwan sha ko mai ko fura a cikinta.
A rufe su lokacin da kifi ke ƙwai.

Da kaka:
A yanke kacalla a ƙarƙashin ruwa, kafin ta yi kai. Gindin da ruwa ya rufe yakan shaƙe ya mutu. Wadda aka yanka a yi zana ko rufin ɗaki da ita. A Senegal da Muritaniya har gawayi ake yi da ita.
A buɗe su da taru mai manyan ido. Ma'aikatan gandun daji su ke faɗin girman idon da doka ta yarda da shi. Wurinsu kuma ake neman shawarar zuba ƴaƴan kifi a tabkin da ke daɗewa da ruwa.

6. Wa zai ɗauki nauyi?

A nan gardama take. Kowa yana da hujjarsa, kuma dole a saurare shi.

Manomin tudu zai ce shi ba masunci ba ne, don me zai wahala domin kifin wani? Amsa ita ce, ƙasar da ke cike tabki ƙasar gonarsa ce, kuma mafi kyawunta. Taki da ya saya da kuɗɗinsa yana cikinta. In ya tare ta, hatsinsa ne zai fara ƙaruwa kafin kifin masunci.

Mai gonar bakin tabki zai ce an rage masa fili. Gaskiyarsa. Sai gari ya bar masa amfanin zoben: gamba ta zana, ciyawar dabbobi, magarya da goruba.

Masunci zai ce in an rufe ruwa me iyalinsa za su ci? Shi ma gaskiyarsa. Rufe ruwa ba ya yiwuwa sai masunta sun zauna sun yarda da kansu, sun yi asusu lokacin da kifi ke kuɗɗi. In an rufe, a rufe wa kowa, har ɗan mai gari.

Makiyayi zai ji tsoro kada a toshe masa hanya da sunan gyara. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare burtali da mashaya. Kwamitocin filaye, waɗanda ake kira kofo, su ke shata su. Ba a noma burtali, ba a shinge mashaya.

Domin haka tabki yana bukatar kwamiti. A sa mai gari, da liman, da sarkin noma, da sarkin ruwa inda akwai shi, da wakilin makiyaya, da matasa. A sa mata, domin su suka fi kowa zuwa bakin ruwa. Dokar da aka yanke a rubuta ta, a karanta a bainar jama'a, a kai kofi ɗaya ofishin ƙaramar hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan ɗalibin yaƙi da jahilci yake da aiki na musamman. A kafa sanda mai ƙarfi cikin tabki, a yi mata zane kowane santimita 10. Kowace ranar kasuwa ɗalibi ya duba, ya rubuta inda ruwa ya tsaya. Ya rubuta ranar da tabki ya cika, da ranar da ya ƙafe. Ya rubuta ranar da ruwa ya yi kore, ko kifi ya mutu. Bayan shekara uku littafin nan zai nuna ko aikin yana ci. Baki yana mantuwa, takarda ba ta yi.

7. Lissafi

Ga misali domin a gwada a kan allo.

In ruwa ya kankare ƙasa mai kaurin milimita 1 kawai, kamar kaurin farce, daga gona mai hekta 1, ƙasar da ta tafi za ta cika tano 50, kowace mai lita 200. Nauyinta wajen tan 15 ne.

a) In amalanke yana ɗaukar rabin tan, sawu nawa zai yi kafin ya maido da ƙasar nan gona?

b) Gonaki hekta 100 suna gangara wa tabki ɗaya. Kowace hekta ta rasa tano 50. Tano nawa ne duka a shekara?

c) Tabki mai hekta 1 da zurfin mita 1 yana cin tano 50,000. In duk ƙasar nan tana shiga cikinsa, shekara nawa zai yi ya cike?

Amsa: a) sawu 30. b) tano 5,000. c) shekara 10.

Kaurin farce ba ya ganuwa a gona. Amma yaron da aka haifa bana, kafin ya gama lakkol ta farko, tabkin ya zama fili.

8. Tambayoyi domin tattaunawa a aji

Waɗanne gulabe ne ke kawo ruwa tabkin Madarunfa?

Yaya taki mai yawa yake kashe kifi?

Ta yaya tsargiya take shiga jikin yaro?

Cikin ciwo biyar, wanne ya fi damun tabkin garin ɗalibi?

A wane wata tabkin ke ƙafewa a da, a wane wata yake ƙafewa yanzu? A tambayi tsofaffi uku, a rubuta amsarsu.

Aikin mako: ajin ya fita tare, ya bi hanyar ruwa daga bakin tabki zuwa tudu. A zana hanyar a takarda. A sa alama inda akwai kwazazzabo, da juji, da gonar da ba icce. A kai takardar wurin mai gari kafin ruwa ya sauka.